Gindin Eriya da Muryar Inna

Ranar wata Asabar cikin bazarar 1972, shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, sandar eriyar mahaifina ta faɗi a kan wani falalen dutse da ke gefen hanyar Roni. Shekarata tara a lokacin, ina aji uku a firamare, kuma ina tsaye riƙe da ɗaya daga cikin igiyoyi ukun da aka ɗaure sandar da su. Tun hantsi Baba yake fama da kafa turaku, amma duk inda ya buga sai dutse ya ƙi, har turke biyu suka lanƙwashe. Daga ƙarshe ya naɗe igiyoyin a jikin manyan duwatsu, ya ɗaga sandar, ta tsaya kamar ta amince. Iska mai zafi ta taso sau ɗaya tak, gindin sandar ya zame a kan santsin dutse, igiyar ta goge mini tafin hannu, bututun ƙarfen ya daki ƙasa da ƙarar da ta kori tsuntsaye daga cikin kalgo. Baba ya ƙaraso wurina. Ya duba hannuna, sannan ya zauna a inuwar mota yana kallon bututun. Saura kwana ashirin ranar da aka yi alkawari ta cika.

Mahaifina ya koyi aikin wayar iska ne a gidan waya tun yana saurayi, kuma bayan ya dawo gida Kazaure bai rabu da sha'awar abin ba. Ya samu lasisi, ya harhaɗa wata rediyo mai aikawa da karɓar magana, irin wadda mutanen unguwa suke kira oba-oba. Da ita yake gaisawa da masu irin sha'awarsa a ƙasashe masu nisa, yana rubuta sunan kowa da lokacin da suka yi magana a wani littafi mai baƙin bango. Sai dai gidanmu yana cikin kwari, duwatsu sun tare mana gabas, kuma eriyar da ya rataya a bishiyar darbejiya ba ta jawo muryoyin wannan nahiyar sai da ƙyar. Gabas ɗin kuwa ita ce muke bukata, shi ya sa Baba ya nemi tudu a hanyar Roni.

Yayan mahaifina, Baffa Usmanu, ya tafi Makka ta ƙasa shekara biyu kafin a sami 'yancin kai, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin auduga, ya yi iyali, bai kai ba kuma bai dawo ba. Wasiƙarsa ta ajami takan zo sau ɗaya a shekara, wani lokaci ma ta tsallake. Baba ya yi dace da wani likita a can mai irin rediyonsa, suka yi ta musayar takardu har likitan ya gano ƙauyen da Baffa yake, aka tsayar da wata Juma'a bayan la'asar da zai zo ya yi magana da mahaifiyarsa. Tafiyar yini guda ce daga ƙauyen zuwa gidan likitan, kuma Baffa ya rubuto cewa ba abu ne da zai iya maimaitawa nan kusa ba.

Kakata, wadda kowa yake kira Inna, Bafulatana ce daga rugagen Gwiwa, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Uwani, ita kuma ta ce mini Takwara. A ɗakinta nake kwana, ni nake cika mata randa kafin in tafi makaranta, in na dawo in taya ta ɓarar gyaɗar iri tana yi mini tsiya cewa boko ya sa yatsuna sun yi laushi. Idanunta sun dushe a lokacin, kuma tari ya fara kama ta. Baffa Usmanu ɗanta ne na fari, saboda haka a bisa al'adarsu ba ta faɗin sunansa, ba ta tambayar labarinsa, ba ta nuna tana kewarsa. “Mutumin gabas” take ce masa in ta zama dole. Idan wasiƙa ta zo, sai ta ɗauki faifai ta zauna a bayan zana tana tankaɗe, Baba kuma ya ɗaga murya yana karanta wa mahaifiyata. Tankaɗen yakan tsaya cik har a gama karatun.

Daren da sandar ta faɗi ba a yi hira a gidanmu ba. Washegari da safe, ina shara a tsakar gida, Baba yana ba mahaifiyata labarin yadda dutsen ya ƙi turke, sai Inna ta yi magana daga bakin ɗakinta, fuskarta tana wajen kajin da take watsa wa tsaba. Ta ce su can a ruga, idan za a yi tatsa a wurin da ba a iya kafa turke, mutum yakan taka igiyar ɗan maraƙi da ƙafarsa ne. “Wannan tsohuwar motar da ke cinye muku mai, ba ta fi ku nauyi ba? Ta taka muku gindin sandar mana.” Daga nan ta koma kiran kajinta kamar ba ita ta yi maganar ba. Baba ya daɗe yana kallon a-kori-kurarsa da ke ƙofar gida, sannan ya ce in ajiye tsintsiya in ɗauko masa zare da alli.

Da katako ya fara. Ya samo wani faffaɗan katakon maɗaci, ya ɗaure guntun bututu a tsaye a ƙarshensa da kusoshi, ya kwantar da shi a ƙasa, ya hau da tayar baya a kan ɗaya ƙarshen. Katakon ya yi ƙara ya tsage gida biyu. Inna ta aiko ni in tambaya ko za ta iya samun itacen girki. Daga nan Baba ya koma ga ƙarfe. A wajen masu kayan gwangwan ya sami wani falle mai kauri da aka cire daga shimfiɗar tsohuwar babbar mota, ya auna faɗin taya da taƙinsa ya ƙara yatsa huɗu, tsawon kuma ya ba shi kamu biyu. Muka kai wa Malam Iro mai walda, wani ɗan gajeren mutum mai ban dariya da ya zo garin tare da masu aikin hanya ya zauna. Da Baba ya yi masa bayani, sai ya ce ya yi wa mutane ƙofa da gado da keken ɗinki, amma bai taɓa ƙera abin da mai shi zai biya don ya bi ta kansa da mota ba.

Kwana uku muna komawa rumfarsa bayan an tashi daga makaranta, har ƙawayena suka daina jirana wasan carafke. An liƙa bututu mai tsawon kamu ɗaya a tsaye, wanda bakinsa ya ɗan fi gindin sandar faɗi. Aikina shi ne in riƙe zare mai dutse a ƙarshensa a gefen bututun, in faɗa idan ya karkata, kuma na ɗauki aikin da muhimmancin da ya sa Malam Iro yake ce mini alƙaliya. Gwajin farko ya nuna kuskure: bututun ya matso jikin mota da yawa, sandar tana gogar akwatin baya. Aka yanke, aka matsar da shi zuwa can bakin fallen, aka tokare shi da ƙananan ƙarafa uku masu kusurwa. Malam Iro ya huda gefen bututun ya liƙa noti, yadda in an zura sanda za a murɗa kusa ta matse ta. Ya dake ɗaya bakin fallen ya kwanta don taya ta hau ba tare da ta ture shi ba. Baba kuma ya yanko robar tsohuwar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashi saboda santsin dutse. Ranar da muka koma kan falalen, ya ja motar a hankali ina nuna masa da hannu har tayar ta zauna daidai a tsakiya, ya ja birki, ya sa duwatsu a gaban tayoyi da bayansu. Ya haɗa bututu uku, ya ƙara gora a sama, ya ɗaga, ya zura, ya matse. Iska ta zo ta wuce. Sandar ta yi rawa daga sama, gindinta bai motsa ba.

A wannan makon ne ya koya mini riƙe abin magana, domin Inna ta ce ba wanda zai kai mata wani abu baki sai Takwara. Akwai maɓalli a gefensa. “Idan kin danna, su ne suke jin mu, mu ba ma jin su. Idan kin saki, mu muke jin su. Kada ki riƙe a danne idan ba da su ake magana ba, batir yake ci, kuma kin toshe musu hanya.” Na haddace wannan kamar yadda nake haddace karatun aji, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa saɓa ƙa'ida ba.

Ranar Juma'ar, Inna ta ce ita ba wurin kowa za ta ba, iska kawai za ta sha. Amma ta ɗaura zanenta na saƙi wanda ba ta fito da shi sai da salla. Bayan la'asar muka shimfiɗa mata tabarma a inuwar motar, sandar tana tsaye a kanmu, wayoyin eriya biyu sun sauko hagu da dama. Baba ya durƙusa gaban rediyon yana murɗawa, ƙara tana tashi tana sauka kamar ana soya gyaɗa. Can sai muryar likitan ta fito, suka gaisa da Turanci, sannan wata murya ta biyo baya, mai kama da ta Baba amma ta fi ta tsufa, Hausarta ta ɗan karye da Larabci.

“Salamu alaikum. Inna, ni ne Usmanu. Kina ji na?”

Na danna maɓallin na kai mata baki. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen yamma. Baba ya yi mini alama in saki. Baffa ya sake kira, ya nemi gafararta kan daɗewar da ya yi, ya faɗi sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Na sake dannawa, ta sake yin shiru. A karo na uku ta sa bayan hannu ta ɗan kawar da abin maganar, ta juyo gare ni, ta ce, “Takwara.” Da na ji da ni take, sai na saki maɓallin kamar yadda aka koya mini.

“Ki gaya wa mutumin nan na yafe masa duniya da lahira. Ki ce zuriyar saniyar da aka ba shi ranar suna tana nan a Gwiwa, ban bari an taɓa ba. Ki ce ya riƙa rufe ƙirjinsa in sanyi ya shigo, tun yana yaro ba ya jure shi.”

Baba yana can ya duƙa yana bin muryar da ke neman kuɓuce masa, bai ga yatsana ba. Na danna, na maimaita saƙon kalma bayan kalma, ban rage ba ban ƙara ba, na saki. Baffa ya yi mini godiya ya sa mini albarka, ya tambaya ko ita ba ta kusa ne. Ya roƙa ko da tari ne ta yi don ya ji. Kafin in kai hannu, muryarsa ta fara nutsewa cikin ƙara, ta ɗago sau ɗaya, ta ɓace. Baba ya yi ta kira har rana ta yi ja. Sandar tana tsaye ƙyam, ba ta gaza mana da komai ba, sararin sama ne ya rufe hanyar.

A hanyar komawa gida ina zaune tsakaninsu, Inna ta kama tafin hannuna wanda igiya ta goge, ta tambaye ni a hankali ko abin nan ya kai maganarta. A nan ne na gane. Ba ni take aike ba. Ta yi ne yadda ta saba yi a gida, ta yi magana da wani a inda wanda ake nufi zai ji, ta ɗauka rediyon ma zana ce. Baba, wanda ban taɓa jin ya yi ƙarya ba, ya dubi hanya ya ce, “Saƙonki ya isa, Inna.” Ta gyaɗa kai, ta saki hannuna, ta fara jan carbi.

An tsayar da wata rana bayan kaka, idan Baffa ya sami sarari. Inna ta rasu cikin marka, gero yana fitar da kai. Wasiƙar ta'aziyyar Baffa ta iso bayan wata huɗu, kuma a ƙarshenta ya rubuta cewa yafewar ta iso shi ya riƙe ta, sai dai ya so ƙwarai a ce ya ji ta daga bakinta. Baba ya karanta da ƙarfi kamar yadda ya saba, sannan ya tuna babu kowa a bayan zanar. Bai taɓa tambayata abin da ya faru da maɓallin ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba, ko da yake ina zaton ya sani.

Yanzu da na gama jami'a na dawo gida, na tarar an ja wutar lantarki unguwarmu, kuma kusan kowane gida mai ɗa a Sudan ko Makka yana da kaset da aka aiko cike da muryarsa. Tsofaffi sukan zauna su yi ta magana da jikokinsu rakoda tana ɗauka, a aika, ba wanda zai danna ko ya saki. An sayar da a-kori-kurar tuni, rediyon yana cikin akwati. Gindin eriyar yana nan a bayan rumbu, ya yi tsatsa, mahaifiyata ta ɗora masa dutse ta zura gora a bututun tana ɗaure igiyar shanya. Har yanzu ana ganin inda taya ta goge shi ya yi haske. Nakan tsaya in dube shi in tuna yadda muka auna komai daidai, faɗi da tsawo da miƙewa, ba mu auna yadda Inna take magana ba. Ƙarfen ya riƙe abin da aka ba shi, ni ce na saki.