Ranar da Armel Kervadec Ya Miƙe Tsaye

Ruwa aka wuni ana yi ranar, iskar teku tana jijjiga tagogin kotu kamar za ta ɓalle su. Armel Kervadec yana ofishinsa yana saka jar rigar nan ta manyan masu gabatar da ƙara, maɓalli ɗaya ya ƙi shiga.

Ɗan mai gasa burodi ne. A ƙananan kotuna ya fara, ana cilla shi gari gari, daga shari'ar satar keke har zuwa ta kisan kai, furfura ta same shi a hanya. Yanzu sunansa yana gaban masu naɗi, saura ƙiris a ɗaga shi zuwa babbar kotu a Paris. Matarsa Solange har ta fara naɗe kwanukan tangaran cikin tsofaffin jaridu, shirin ƙaura.

Shari'ar ranar ta Corentin Morvan ce, mai tuƙa injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa, wanda aka ce ya cinna wa sito wuta lokacin yajin aiki. Mai shaida ɗaya ne, shi ma kullum da sabuwar maganar da yake zuwa da ita. Amma na sama suna son a yi hukuncin da zai tsorata sauran.

Shugabansa Vauquelin ya shigo ba ko ƙwanƙwasa ƙofa.

"Ka rubuta abin da aka ce?"

"Na rubuta, ranka ya daɗe. Ɗauri mai tsawo."

"To ka tashi ka karanta, ka zauna. Paris ba ta son mai dogon harshe, ɗan mai burodi. Ko ka fi so ka tsufa a nan kana shaƙar ƙarnin kifi?"

"Ai kifin ma abinci ne."

"Armel, ba wasa nake yi ba."

Masu wannan aiki suna da tsohuwar ƙa'ida: alƙalami bawa ne, baki ɗa ne. Abin da na sama ya umarta dole ka rubuta, amma in ka miƙe a gaban kotu, bakinka naka ne. Kowa ya haddace ta a makaranta. Masu taɓa ta ne ba su da yawa.

Zaure ya cika maƙil, rigunan mutane suna ɗigar ruwa. Morvan yana zaune tsakanin jandarmomi, ya ƙura wa hannuwansa ido. Armel ya miƙe. Ya karanta abin da ya rubuta, bai tsallake kalma ba. Sai ya kife takardar, alƙali ya ɗago kai.

"Wannan abin da aka umarce ni ne," in ji shi. "Ga nawa. Na bi shari'ar nan daga tushe, ban ga abin da zai sa a ɗaure mutumin nan ba. Ina roƙonku ku sake shi."

Daga bayan zaure ya ji an ja kujera, ƙofa ta rufe. Bai waiwaya ba, ya san tafiyar Vauquelin.

Kafin ruwa ya ɗauke aka sallami Morvan. Naɗin Paris kuwa wani aka ba. Ba wanda ya tuhumi Armel, don ƙa'ida ta kare shi, sai dai ba a sake ambaton sunansa ba. Da ya koma gida Solange ta dube shi, ta fara warware tangaran tana mayarwa cikin kabad.

A muƙamin nan ya zauna har ya yi ritaya. Yanzu yana ƙauyen mahaifinsa kusa da teku, shi da Solange, kunnensa ɗaya ya daina ji. Jar rigar tana cikin akwati.