Takalmin da Ba Mu Raba Ba a Gummi

Har gobe ban manta da ranar da rabin mazan tashar Gummi suka naɗe wando suka jeru a gabana ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin labarin a bakin wasu, kowa da gishirin da yake ƙarawa. To ga shi daga bakin mai shi.

Lokacin ina jami'in lafiya na al'umma, wato matakin da ke ƙasa da likita, ko da yake a gari kowa Likita yake ce mini, ni kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ba. Ina kuma cikin wata ƙungiyar sa-kai ta 'yan kasuwa da ma'aikata. Aikinmu yashe kwata, gyaran rijiyar burtsatse da ziyarar marasa lafiya, daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka. Shugabanmu Alhaji Bello Mai Taki ne, mutumin kirki, sai dai in ya riƙe lasifika sai an kashe janareto yake saki.

A farkon wata damina muka shirya wayar da kai kan daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Abin da ke faruwa shi ne, in mutum ya daɗe a zaune ko a kwance, kamar direban doguwar tafiya ko wanda aka yi wa tiyata ko mai jego, jini kan yi guda a jijiyar can ciki. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ciwo. In gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum na iya faɗuwa yana tsakiyar magana. Mun yi taro a Bukkuyum, kujeru suka fi mutane yawa. Saboda haka na ce a Gummi mu je tasha ranar kasuwa, mu auna sha-raɓar direbobi, dama da hagu, a daidai wuri ɗaya ƙasan gwiwa. Awon ba ya tabbatar da cuta, amma yana nuna wanda ya kamata a tura asibiti a ɗauki hoton jijiyar.

Tef ɗin awo na aro wurin Iro Tela, kuma nan gizo ya yi saƙar. Wani ya tambaye shi me ƙungiya za ta yi da tef, ya ce ƙafa za su auna. Ga damina ta kama, kowa na tunanin shiga fadama. Kafin azahar labari ya gama gari cewa za mu raba dogon takalmin roba.

Da na isa tasha ranar kasuwar, na ga layi har ya karya kwana ta wajen masu rake. Na ce wa Alhaji ya ɗau lasifika ya faɗi gaskiya. Ya shafa gemu ya ce, “Likita, kak ka ce akwai, kak ka ce babu. Yaushe rabon da mu ga jama'a haka?” Ban yarda ba. Duk wanda na auna sai na ce masa babu takalmi. Su kuma sai su kashe mini ido, wai haka ake cewa don kada a yi turmutsutsu.

Can sai ga Mamman Dogo, direban babbar motar albasa da ke zuwa Kudu. Mutum ne da ko allurar rigakafi sai an yi tsere da shi. Ya zo yana ɗingishi, ya ture mutum biyu, ya zauna a benci.

“Likita, ni nawa daban za a yi mani,” in ji shi. “Na hagu a ba ni babba, na dama ƙarami. Ƙahwag ga ta kumbura tun da niz zaka daga Ikko.”

Jama'a suka fashe da dariya. Ni ma na fara, amma da na ɗora tef sai na daina. Ta hagun ta fi ta dama kauri nesa ba kusa ba, fatar ta yi sheƙi, ga zafi. Na tambaye shi me yake yi mata. Ya ce da yamma wanzami zai yi masa ƙaho, a murje ta da man zafi, gobe da asuba kuma ya ɗau hanya da kaya. Wallahi murzar nan ita ce abin da muka fi tsoro, domin tana iya ɓalle gudan jinin.

Na yi masa bayanin jijiya da huhu, yana ta leƙen bayan teburina ko zai hango kwalin takalma. Sai na sauya hanya. Na ce, “Mamman, in datti ya kwanta a tankin motarka, ka jijjiga tankin, ina yake zuwa?”

“Shina bin tiyo shi toshe inji mana.”

“In ya toshe kana tsakiyar gada fa?”

Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni. “Wai dattin na cikin ƙahwata?”

Na ce ina zargin haka, hoto ne zai tabbatar. Ya ce to albasar mutane hwa? A nan Alhaji Bello ya biya ni duk surutun da na sha a hannunsa. Ya miƙa hannu ya zare makullin motar daga aljihun Mamman, ya ba shugaban tasha, ya ce a nemi wani direban. Sannan Alhaji ya kwantar wa Mamman da kujera a tasa motar. Na rubuta takardar tura maras lafiya, muka nufi babban asibiti a Sakkwato, Mamman yana mita tun daga tasha cewa an cuce shi, babu takalmi babu lodi.

Hoto ya nuna gudan jinin, har ya haura gwiwa. Aka kwantar da shi, aka sa shi kan maganin tsinka jini. A Gummi kuwa mun sha tsiya. Na yi makonni in na ratsa kasuwa sai na ji an ce, “Likita, lamba nawa kac ce nike sawa?”

Bayan kaka sai ga Mamman a ofishina, ya ɗage wando ya nuna mini doguwar safar nan mai matsewa da likita ya rubuta masa. “Dibi zalunci,” ya ce. “Kun auna ƙahwa biyu, kun ba ni sahwa guda.”

Dama mun shirya masa. Na jawo leda daga ƙarƙashin tebur, dogon takalmin roba ne da 'yan ƙungiya suka saya. Ya zura na dama, ya zura na hagu, ya miƙe ya taka. Duka biyun lamba ɗaya ne, kuma duka sun shiga. Kumburin ya saɓe. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na juya ina gyara kwalaben da ba su karkace ba.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba sa barin sana'arsu don jin sunan cutar da ba su taɓa gani ba, bukatarsu ce ke kawo su. In mutum ya zo muku da bukatar da ta ba ku dariya, ku yi dariyarku, amma ku saurare shi har ƙarshe. Mamman da bakinsa ya faɗi ciwonsa, a wurin zaɓen takalmi.