Ranar Da Na Kai Baba Kallon Mawaƙinsa a Shagari

Tun ina ƙarami akwai wani kaset a gidanmu wanda ba a taɓa shi sai da izinin Baba. Waƙoƙin wani makaɗin noma ne, mutumin wajen Shagari, wanda a zamanin ƙuruciyarsa ba a yin gayya tsakanin Dingyaɗi da Horo Birni ba a kira shi ba. Abin da ya sa kaset ɗin ya zama dukiya a wurinmu shi ne, a waƙa ta uku akwai baitin Baffa, yayan Baba, wanda ya rasu ban kai shekara goma ba.

Labarin baitin na ji shi ya fi a ƙirga. Wai an yi gayya a gonar wani dattijo, Baffa ya kai kunyarsa ƙarshe ya juyo, ya tarar sauran samari ko rabi ba su yi ba. Makaɗin ya bi shi cikin gona da mai gangarsa, nan take ya tsara masa baiti, ya kira sunansa da na ubansa da na garinmu, ya ce rana ta tarar da shi gona, ta faɗi ta bar shi gona, ƙasa ta san tafin hannunsa. Baffa ya tuɓe rigarsa ya ba shi, da kaka kuma ya aika masa da damman gero. Da kaset ya tsufa ya fara cin zare, ni na kai aka juye mini waƙar a waya. Baba kan ajiye wayar a bakin rijiya yana ban ruwan albasa, idan an zo baitin sai ya tsaya da aiki har a wuce.

Ni tela ne, shagona yana bakin kasuwar Bodinga. A nan wata rana na ji mota tana yawo da lasifika, ana shela cewa ranar Asabar za a yi taron raya al'adun gargajiya a Shagari, kuma makaɗin nan zai yi wasa. Kowa ya san wanda ya shirya taron: wani ɗan kasuwa ne mai neman kujera, wanda ya tuna da al'ada wata uku kafin zaɓe. Na so in yi shiru da maganar, amma wani maƙwabci ya riga ni kai wa Baba labari. Shekara talatin da wani abu rabon Baba da ganin makaɗin. Ya sa aka wanke masa farar rigarsa ta Juma'a, ya zaɓo albasa manya-manya ya cika rabin buhu, ya ce ba a zuwa wurin wanda ya yi wa ɗan'uwanka waƙa hannu sake.

Muka kama hanya a babur da hantsi, Baba a baya, buhun a kan tanki. An ce ƙarfe sha biyu za a fara. Mun isa filin muka tarar da rumfuna biyu da kujerun roba a jere, babu kowa a kai, an ce na manyan baƙi ne. Mu kuwa da muka zo don waƙa, igiya aka ja mana a rana. Akwai tsofaffi da yawa irin Baba, daga Sifawa da ƙauyukan kewaye, wasu a keke suka zo. Na ji wani yana gaya wa na kusa da shi cewa da waƙar mutumin nan ya yi noman da ya yi aure da shi. Muka yi Azahar, muka dawo muka tsaya. Muka yi La'asar, muka dawo muka tsaya. Inuwar rumfa tana nan a kan kujeru, wasu 'yan banga da kulake suna gadin ta.

Sai bayan La'asar manyan baƙin suka iso, aka shiga jawabi. Mutum shida suka yi magana a kan muhimmancin noma, kuma da ganin hannun kowannensu ka san in an ba shi galma zai tambayi inda ake kunna ta. Wani ya ce manomi shi ne sarki, yana faɗa yana kallon agogo. Samarin da aka kwaso a motoci suna ta tafi tun kafin a ƙarasa magana, don an gaya masu aikinsu ke nan.

Da mawaƙin ya fito daga baƙar mota, Baba ya riƙe mini hannu. Ni kuwa rigar na fara gani, don sana'ata ce. Shadda ce mai tsada, an cika ta da aiki har wuya ya yi mata nauyi, ɗinkin kuma na gaggawa ne, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Ya yi ƙiba, ya rina gemu, ga baƙin tabarau. A bayansa wani mutum ya kafa fiyano ya jona da janareta. Gangar noma kuwa tana rataye a kafaɗar wani tsoho siriri da aka tsayar can gefe. Har aka tashi ban ji sautinta ba, don ba a ba shi makirufo ba. An kawo shi ne don hoto.

Aka fara. Kiɗan fiyano ne irin wanda ake yi a kowane biki, wanda ba ya sa mutum ya ji yana son ya sunkuya ya kama aiki. Muryar tana nan, ban hana shi wannan ba, ko da ta dushe. Amma bai kalli wajenmu ba ko sau ɗaya. Fuskarsa na rumfa, bayansa na wajen igiya. Ya bi manyan nan ɗaya bayan ɗaya, wani sanƙira yana raɗa masa suna a kunne, shi kuma yana saka shi a waƙa. Wanda aka kira sai ya taso yana tafiyar agwagwa, ya yi liƙi a hankali don masu ɗaukar hoto su samu, ya koma. Jama'a suka ɗaga wayoyi sama. Mutum ya sha rana tun hantsi don ya ga mawaƙi, ga mawaƙin a gabansa, amma ya gwammace ya kalle shi ta cikin gilashin waya. Ni ma na ɗaga tawa, ba zan ɓoye ba, ina cewa zan ajiye wa Baba.

Can sai amshi ya canza, na gane waƙa ta uku ce. Baba ya gyara hula, ya matsa har cikinsa ya taɓa igiya. Leɓunansa suna bin waƙar. Aka zo baitin. Rana ta tarar da shi gona, ta faɗi ta bar shi gona, ƙasa ta san tafin hannunsa. Komai yana nan yadda yake, sai suna. Inda sunan Baffa yake, sunan mai neman kujera ya shiga. Inda ake kiran garinmu, aka kira sunan jam'iyya. Ɗan kasuwar ya miƙe yana ɗaga hannuwa biyu, tafukan nan sumul kamar na jariri, filin ya ɗauki sowa.

Na sauke wayar. Sai da aka maimaita baitin sau uku, sannan Baba ya juyo ya tambaye ni, a hankali, ko kunnensa ne. Na ce ba kunnensa ba ne. Na ce mu tafi gida. Ya ce a'a, ya zo gaisuwa, sai ya gaisa.

Da aka tashi, rana ta yi ja, muka kutsa har wajen motar. 'Yan banga suka tare mu, sai da suka ga buhu suka ɗauka saƙo ne, suka bar mu. Mawaƙin yana zaune a kujerar baya, ƙofa a buɗe, yana shan lemo. Baba ya rusuna, shi da ya girmi mawaƙin, ya gaishe shi da kyau, ya faɗi garinmu, ya faɗi sunan Baffa, ya tuna masa gayyar da rigar. Mutumin ya yi ta gyaɗa kai yana cewa Allah sarki, irin gyaɗa kan wanda bai tuna komai ba kuma bai damu ya tuna ba. Ya tambaya ko Baffa yana nan lafiya. Baba ya ce ya daɗe da rasuwa. Sannan ya ce:

"Baitin da kay yi yanzu, nashi na. Shi anka yi ma shi."

Mawaƙin ya cire tabarau, ya yi dariya, ya dubi mutanensa don su taya shi.

"Tsoho, Allah shi jiƙan shi. Amma wanda yam mutu ba ya kyauta. Ni kau ina da iyali."

Suka taya shi dariyar. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya dafa mini kafaɗa. Ya ce gaskiya ne, Allah ya rufa asiri, ya miƙe. Ɗaya daga cikin yaran motar ya kai hannu zai ɗauki buhun, Baba ya ce ya bari, ba nan za shi ba.

Tsohon mai ganga yana zaune a gindin wata darbejiya yana jiran a sallame shi, don ba a motar zai koma ba. Baba ya je ya ajiye buhun a gabansa, suka gaisa. Da tsohon ya ji sunan garinmu sai ya ɗago kai, ya faɗi sunan Baffa da kansa, ba a gaya masa ba. Ya ce shi ya riƙe ganga ran nan, kuma ya tuna mutumin dogo ne, da hagu yake noma. Baba ya ce haka ne, bahago ne. Tsohon ya ce shi yanzu ana kiran sa ne ya tsaya kawai, in ya buga ma ba a ji. Bai yi ƙorafi ba, faɗa kawai ya yi. Ya yi godiyar albasa, muka yi sallama.

A hanya muka tsaya wani ƙauye muka yi Magariba. Ni ne na yi ta zuba. Na zagi mawaƙin, na zagi mai kujera, na zagi masu tafi. Baba ya bar ni na gaji, sannan ya ce in kula da hanya, akwai ramuka.

Kwana biyu bayan haka bidiyon wasan ya cika wayoyin Bodinga. A shagona masu kawo ɗinki suna kunna shi, suna cewa tsohon nan har yanzu ba a kai shi ba, dubi yadda ya tsara wa Alhaji mai neman kujera sabon baiti nan take. Na gaya wa biyu ko uku cewa baitin ya girme su, kuma na san mai shi. Ɗaya ya ce to mene ne, ai duk mawaƙa haka suke. Wani ya ce hassada ce irin ta 'yan adawa. Daga nan na daina, na bar su da abinsu. Wanda na ɗauka a wayata na goge shi.

Mai neman kujera bai ci zaɓe ba. Bayan shekara guda wanda ya kayar da shi ya shirya nasa taron, a Bodinga wannan karon, tafiyar ƙafa daga shagona, kuma aka sake kiran mawaƙin. Ina jiyo lasifikar daga kan keken ɗinki, na ji lokacin da aka zo baitin, da sabon suna a ciki. Maƙwabcin nan namu ya je har gida da safe ya ce wa Baba ya zo su tafi, ga shi kusa, har kujera za a samu. Baba ya yi masa godiya, ya ce ranar ban ruwa ce.