Burtsatsen da Micah Ya Rubuta wa Unguwar Sati

A Samaru, idan ka bar babban titin da ya bi ta gaban jami'a ka shiga layin masu buga takardu, akwai wani ɗan shago da ba shi da allon suna. Ɗalibai dai sun san shi da shagon Oga Micah. Sauran shagunan buga furojet suke yi su ɗaure shi da bango mai kauri. Shi kuwa Micah Ɗanmaraya wurinsa ake zuwa idan malami ya ce wa ɗalibi ya je ya nemo alƙaluma, ɗalibin kuma bai san ta inda zai fara ba.

Micah ya san inda kowane irin bayani yake kwance a intanet, wanda kowa ke iya saukewa kyauta. Ya san shafin da ke ajiye yawan ruwan saman da ya sauka a kowane wata, shekara da shekaru. Ya san inda sakamakon ƙidayar 2006 yake, da inda ake samun binciken lafiyar mata da yara, da taswirar da ake ƙiyasta yawan mutane da ita daga rufin gidajen da tauraron ɗan Adam ya hango. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne haɗa su wuri guda. Ƙauye ɗaya sai a rubuta sunansa iri uku a fayil uku, kwamfuta ta ɗauka ƙauyuka uku ne. Yana da wani tsohon littafi da ya cika da irin waɗannan sunaye, kowanne da 'yan uwansa a gefe.

Mutum ne dogo, mai magana a hankali, wanda ya ba hamsin baya kaɗan. An haife shi a ƙauyen Maguzawa can bayan Basawa, yana yaro mahaifinsa ya shiga coci, a nan ya samu sunan Micah. Bayan sakandare ya koyi kwamfuta a Sabon Gari wurin wani Bayarabe mai suna Akinola, ya auri Jessica mai ɗinki, suka zauna a Muchia. Maƙwabta sun san shi da kirki. Abin da kawai Jessica ba ta gane ba shi ne yadda mutumin da ke son danginsa haka ya daina zuwa ƙauye. Ko biki ne ko rasuwa, sai dai ya aike ta.

Dalilin ya faro ne a daminar 2009. Wata ƙungiya ta ɗauki matasa aikin zagaya ƙauyuka, a rubuta mutanen kowane gida da shekarunsu da irin ruwan da suke sha. An ɗauki Micah da gudu saboda ya san hanyoyin daji, mutane kuma ba sa ɓoye masa komai. Ya yi ƙauyuka goma sha ɗaya lafiya. Na ƙarshe shi ne Unguwar Sati, inda ƙanwar mahaifiyarsa Inna Doguwa take aure, inda shi kansa ya yi shekara uku yana yaro. Da ya isa bakin rafin da ya raba unguwar da hanya, ya tarar ruwa ya cika ya batse, yana tafiya da karan dawa da rassan itace. Washegari da safe ake karɓar fom.

Ya daɗe a tsaye. Daga nan ya koma gindin wata ɗorawa, ya ɗora fom a gwiwa, ya shiga rubuta unguwar daga ka. A ganinsa wannan ba ƙarya ba ce, tunda ya san kowa. Ya bi gidajen yadda suke a jere daga bakin rafi, gida ashirin da uku, ya ƙara wa kowa shekarun da ya lissafa sun wuce. Da ya zo wurin tambayar ruwan sha, sai ya tuna an taɓa gaya masa motar haƙar burtsatse ta shiga unguwar da rani. Ya sa alama a akwatin da ke cewa akwai burtsatse, yana aiki.

Bayan wata huɗu ya yi kiciɓis da Inna Doguwa a kasuwar Sabon Gari, ta kawo daddawa. Tana murna ta zazzage masa labarin gida. Tsoho Sati mai unguwa ya shekara biyu a kabari, matar Eric ta rasu wurin haihuwa, gidan maƙera sun tashi sun koma kudu, an haifi yara da yawa da bai san su ba. Ya tambaye ta labarin burtsatse. Ta yi dariya ta ce ai dutse motar ta tarar, suka kafa bututu suka tafi, yanzu awaki ake ɗaurewa a jikinsa.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ce wa kansa takardu ne, za su ruɓe a wani sito. Amma daga ranar mutanen da ya rubuta suka zauna masa a kai. Da tsakar rana, idan wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, shago ya yi tsit, sai ya ji yana bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya daga bakin rafi, kowa yana zaune a ƙofarsa yadda ya ajiye shi. Tsoho Sati yana kan buzunsa, matar Eric tana daka. Kallonsa kawai suke yi.

Shekara goma sha huɗu a haka, sai ga Onyinyechi ta shigo shagon. 'Yar wani mai sayar da kayan mota ce a Sabon Gari, haifaffiyar Jushi, Hausa a bakinta kamar ta 'yan cikin birni. Digiri na biyu take yi a kan lafiyar al'umma. Abin da take so ta gani shi ne ko ƙauyukan da ke da ruwa mai tsabta sun fi ƙarancin gudawar yara. Micah ya nemo mata jerin rijiyoyi da burtsatsai daga wani shafi, da yawan yaran da ake kai wa asibitocin karkara daga wani, da taswirar yawan jama'a. Sati biyu suka yi suna daidaita sunayen ƙauyuka.

Ranar da suka haɗa komai, zanen ya fito yadda ake tsammani, ɗigo-ɗigo suna gangarowa a jere. Ɗigo ɗaya ne ya yi sama shi kaɗai, nesa da sauran. Onyinyechi ta taɓa shi da bayan biro ta ce ga wani ƙauye mai burtsatse da ya fi kowa yara masu gudawa, shekara bayan shekara. Malaminta ya ce idan ta ga irin wannan ta bincika, idan kuskuren bugu ne ta cire shi. Ta roƙi Micah ya gano mata inda jerin burtsatsan ya samo bayaninsa.

Bai buƙaci karanta sunan ƙauyen ba, amma ya bi sawun kamar yadda ya saba. Shafin ya kwafo ne daga wani rahoto na 2015, rahoton kuma ya kwafo daga wani bincike na 2009 da aka saki ga jama'a. Ya sauke fayil ɗin. An cire sunayen mutane, an bar lambar gida da shekaru da jinsi. Layi na farko namiji ne, shekara saba'in da ɗaya, mai gida, Tsoho Sati ke nan. Gida na huɗu akwai mace mai shekara ashirin da shida, matar Eric. Ya bi su har ƙasa. Duk suna nan da ransu, an sauke su sau dubu da ɗari biyu a ƙasashen da bai san inda suke ba.

"Oga Micah, lafiya kuwa? In cire shi?"

"Kada ki cire," ya ce. "Yaran gaskiya ne. Burtsatsen ne babu. Ni na rubuta shi."

Ya ba ta labarin daga bakin rafi har kasuwa, karo na farko da maganar ta fita daga bakinsa. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce masa babu komai ba. Ta sake duban zanen, sannan ta ce masu kai burtsatse ƙauyuka da irin wannan jerin suke amfani wajen zaɓar inda za su fara. Ya ce ya sani. Ya daɗe da sani, bai dai taɓa yarda ya duba ba.

Da yamma ya gaya wa Jessica. Ta ajiye almakashi ta dube shi ta ce shekara goma sha huɗu tana zaton wani ne ya ɓata masa rai a can, har ta riƙa gaba da mutanen da ba su yi mata komai ba. Ta ce ranar Asabar zai je, ita ma za ta bi shi.

Lokacin rani ne, rafin ya zama yashi, babur ya ratsa shi ba tare da sun sauka ba. Unguwar ta fi yadda yake ganinta a kansa girma. An yi rufin kwano, an gina coci da bulo, yara sun cika ko'ina, babu ko ɗaya da ya sani. Bututun yana nan ya yi tsatsa. Mata suna hawowa daga rafi da ruwan da suka tono a yashi, launinsa kamar kunun kanwa.

Inna Doguwa ta tsufa, ido ɗaya ya rufe, amma ta gane shi tun daga murya. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta yi masa faɗan zumunci, ta tambayi yara. Shi ne ya ja hirar zuwa ga ruwa. Ta ce sau biyu masu motoci suka zo yankin, suka haƙa wa ƙauyukan gabas da yamma, da aka je aka roƙe su sai suka buɗe takarda suka ce Unguwar Sati ai tana da nata. An nuna musu bututun, suka ce za su kai rahoto. A daminar da ta biyo bayan zuwansu na biyu gudawa ta shiga unguwar, ta ɗauki yara shida, biyu jikokinta ne.

Micah ya gyara zama ya gaya mata. Bai rage komai ba, har da ɗorawar da ya zauna a gindinta. Tsohuwar ta daɗe tana murza gefen zaninta.

"Ruwan nan kwana biyu ya yi ya janye," ta ce. "Da ka jira, ɗana."

Ya so ta ƙara wani abu, ko da tsinuwa ce, amma ba ta ƙara ba. Ya ce mata bai sani ba ko da ya rubuta gaskiya za a haƙa musu, ko za a sake cin karo da dutse. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma babu wanda zai taɓa sani. Sai ta tambaye shi ko ya zo da takarda. Da ya ce ya zo da ita, ta miƙe da sandarta ta ce su tafi, wannan karon da idonsa zai ƙirga.

Yini biyu suka yi suna shiga gida-gida, Jessica tana riƙe da wayar da ke ɗaukar hoto da lambar wuri. Gida arba'in da ɗaya suka samu. A kowane gida, idan an gama faɗin masu rai, Inna Doguwa sai ta sa a faɗi yaran da suka rasu tun daga daminar da ya cike fom a gindin ɗorawa. Micah ya ce mata fom ba shi da gurbin waɗannan. Ta ce ya juya bayan takardar ya rubuta. Ya rubuta, da sunayensu da watannin da suka yi a duniya, wasu ba su kai a raɗa musu suna ba sai dai a ce ɗan wance.

Da suka dawo Samaru, Onyinyechi ta taimaka masa ya rubuta wasiƙar gyara, ya sa cikakken sunansa, ya faɗi abin da ya yi. Ita kuma ta bar ƙauyen a cikin aikinta, ta mayar da shi sahun marasa ruwa, ta yi bayani a shafi guda. Shafin da ke ajiye jerin burtsatsai ya gyara bayan wata biyar. Ƙungiyar da ta yi binciken farko ta daɗe da rufe ofishinta, wasiƙar da ya aika mata ta dawo. Ya gano wasu wurare bakwai da suka kwafi tsohon fayil ɗin, ya rubuta wa kowanne, biyu ne suka amsa.

Jessica ta ce yanzu ya fi cin abinci, amma shirunsa bai ragu ba. Yana zuwa unguwar kusan kowane wata, yara sun fara kiransa Kawu mai takarda. Akwai uwar ɗaya daga cikin yaran da suka rasu, har yau idan ya shigo layinsu takan tashi ta shige ɗaki, shi kuma yakan gaishe ta daga waje ya wuce. A watan Maris wani injiniya da ya ga sunan unguwar a sabon jeri ya zo gwada ƙasa. Micah ya rufe shago ya raka shi, ya riƙe masa igiyar awo a rana tun hantsi har la'asar. Mutumin ya ce dutsen yana da kauri ta gefen rafi, sai dai a gwada gabas da coci. Ya tattara kayansa ya hau mota, bai faɗi ranar da za su dawo ba.