Hannun Baba a Ƙuba

Warin matatar mai ne ya raka mu muka fita daga Yanbu bayan sallar asuba, a motar yayana da ke aiki a can. Ni da Baba mun zo Umra, saura ziyarar Madina. Hanya ba gargada, amma ba abin kallo sai baƙaƙen duwatsu. Mun tsaya mun karya da burodin tamis da ful, dafaffen wakensu. Baba ya ce wake dai wake ne, ko a ƙasa mai tsarki.

Mun isa masallacin Ƙuba rana ta take, ƙafafuna sun kumbura, idona kamar an zuba yashi. Bayan mun yi nafila, yayana ya tafi ɗauko mota, muka zauna a inuwa. Wani tsohon Bature musulmi ya matsa mana. Ya ce sunan gidansu Fuller. Da suka gaisa da Baba sai ya riƙe hannun bai saki ba, yana duban kantar da ke tafin. Ya tambaye ni sana'ar mai wannan hannu.

"Me ya ce, uwata?"

Na faɗa masa. Baba ya gyara zama.

"Gaya masa ni mabugi ne. Shekara arba'in ina bugun shuni a Kano, ubana ma haka. Rigar da na buga, sai ka ga fuskarka a jiki."

Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, ko ƙawayena ban taɓa gaya wa sana'ar Baba ba. Na ce wa Baturen mahaifina ɗan kasuwa ne. Ya gyaɗa kai, ya saki hannun.

"Duk maganar nan tawa, a kalma biyu ta ƙare?" in ji Baba.

"Turanci gajere ne, Baba."

Ya dube ni. Har muka koma Yanbu, har jirgi ya sauke mu a Kano, bai sake sa ni tafinta ba.

Bayan rasuwarsa da shekara biyu, ina neman wata kalma a ƙamus, idona ya faɗa kan sunan Baturen. Ashe tsohuwar sana'a ce a Ingila. Fuller shi ne mai jiƙa sabon saƙin ulu, ya tattake shi, ya yi ta bugu har ya yi kauri.