Majanyin da Na Bari a Shagon Bajamushe

"Hajiya, kar ki ɗaga kai sama," in ji abokin ɗana, mutumin Maraɗi, muna shiga shagon. Ai kuwa sai da na ɗaga. Nama ne a rataye reras, an ɗura shi cikin hanji, wani ja wani baƙi. Na ce, "Na alade ne?" Ya ce, "Akwai na sa ma." Na ce, "Ban tambaye ka na sa ba."

Jikana na zo ɗauka a ƙasar China. Ɗana ya rasu a Guangzhou, ciwon ciki na 'yan kwanaki, can aka binne shi. Ya bar matarsa 'yar China da yaro da bai daɗe da barin nono ba. Mu a wajenmu yaro in an yaye shi ɗakin kaka ake kai shi, balle maraya. Majanyin da na goya ubansa da shi na ɗauko daga ƙasan akwati na taho da shi. Shekarar da ake wasannin Olamfik a ƙasar ce, biza ta yi wuya, ɗan lokacin da suka ba ni ya kusa ƙarewa.

Wurin a bayan gari yake, sai dogayen benaye sun ƙare an shiga gonakin ayaba. Wani Bajamushe mai tumbi ya yi ginin katako, gaba shago, baya wurin cin abinci. Nan surukata take aiki, ita ke yanka burodi tana auna cuku. Ta fito da sauri ta ɗan rusuna ta ce, "Mama, sannu." Iyakar Hausarta ke nan. Yaron na maƙale da ƙafarta. Goshin ubansa ne sak.

Na ce, "Angona, ba ka zuwa ka gaida amaryarka? Ko ka ga na tsufa?" Ya ɓuya bayan uwarsa.

Ta zaunar da mu ta kawo kifi da dafaffen dankali da wani kabeji mai tsami kamar ya kwana a rana. Ta yi magana, abokin ɗana ya fassara: tukunya daban ce, wadda take dafa wa marigayi a ciki, ba a sa komai a cikinta sai kifi. Na ci kifin. Kabejin kam na ture.

Maganata a shirye take tun daga Kano. Na ce wa abokin ɗana, "Faɗa mata ba zan bar jinina ya tashi ƙarƙashin wancan abin da ke rataye ba." Ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, a bari mu gama ci." Na ce, "Tsoronta kake ji?"

Bai kai ga amsawa ba wasu iyalai suka shigo sayayya da 'ya'yansu. Ashe al'adar Bajamushen ce, duk yaron da ya shigo sai ya yanko masa naman nan ya miƙa masa a bakin cokali. Yaran suka yi layi. Nawa ma ya ruga ya shiga layin. Na miƙe tsaye. Da aka zo kansa sai mutumin ya ajiye cokalin, ya wanke hannu, ya ɗauko wata wuƙa mai kore a ƙota ya yanko cuku. Yaron ya karɓa da hannun dama. Ya ce, "Bimilla." Ya jefa a baki.

Na koma na zauna. Surukata ta ce wuƙar yaron ce shi kaɗai, tun ubansa na raye. Ta ce ba ta san sauran addu'ar ba, wannan ɗin kawai ta riƙe, ita take sa shi faɗa.

Abokin ɗana ya ce, "To Hajiya, in faɗa mata?" Na ce, "Ci abincinka."

Ni a lokacin ko sunana ban iya rubutawa ba, sai bayan na dawo na shiga ajin manya. Amma ina da ido. Yaro yana da uwa.

Na fito da majanyin na nuna mata bayana. Ta gane. Ta ɗora mini shi, ya ɗan yi ƙorafi, na jijjiga shi, sai ya kwantar da kai a tsakiyar bayana, daidai inda ubansa ke sa nasa. Haka na zaga shagon da shi. Na sayi zuma kwalba ɗaya, da baƙin burodin nan mai nauyi kamar bulo, wanda ta ce ɗana yana so da shayi. Ban san yana son irin wannan ba. Na sake zagawa ina duba kwalaben da ban san me ke ciki ba, don kar in tsaya.

Direban da ya kawo mu ya yi hon. Na durƙusa, ta kwance shi yana barci, hannunsa dunƙule da gefen majanyin. Ta fara ɓamɓare yatsunsa don ta ba ni. Na riƙe hannunta na ce, "Bar masa." Na ɗauki burodina na shiga mota.