Baffa Iliya, Jirginsa da Iskar Tudun Wada

Duk wanda ya san Baffa Iliya ya san ba ya tayar da jirginsa sai ya lashi yatsa ya ɗaga sama. Zai yi tsit kamar mai sauraron labaran rediyo, babbar rigarsa tana ta faman kaɗawa, sannan ya ce iskar ba ta da wani ƙarfi. Ban taɓa jin yatsan nan ya ba shi wata amsa daban ba.

Yayan mahaifina ne, tsohon malamin gona. Da gwiwa ta hana shi zaga gonarsa ta masara da ke hanyar Doguwa, babbar 'yarsa ta sayo masa ɗan jirgin nan mai kyamara da ake sarrafawa da waya. Ni mai mota na zama direbansa.

Wata rana gab da faɗuwar damina muna gona, hadari ya haɗo daga gabas. Wayar ta yi ta fito da jan rubutu cewa iska ta yi yawa, a sauke jirgi. Na karanta masa. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zuwa Tudun Wada ba. Ya tura jirgin yamma, iska na ingiza shi, yana ta murna wai in dubi gudu. Da ya zo juyo da shi sai jirgi ya ƙi matsowa, ya tsaya yana rawa a sama har batir ya ƙare. Hoton ƙarshe da muka gani gadon bayan wata farar saniya ne.

Sai washegari muka same shi a wata ruga kusa da Falgore. Ardo Buba ya goge shi tas ya naɗe a tsumma. Da yake miƙa shi, cikin ladabi ya ce: "Malam, in za ka sake, ka fara fita kana fuskantar iska. In ya gaji, ita za ta dawo maka da shi."

Baffa ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan. A hanyarmu ta komawa ya zauna ya koya mini wannan dabara dalla-dalla, wai tun suna makarantar koyon aikin gona aka karantar da su. Kamar ba a gabana aka yi ba.

Faɗuwar ta karya farfela ɗaya. Na ce a aiko da sabuwa daga Kano, ya ce almubazzaranci ne. Ya yanko wata daga murfin bokitin fenti, ya kwana biyu yana goga ta a dutse. Ya gwada a tsakar gida, daidai lokacin da matarsa Inna Rabi ta shanya dakakken barkono a tabarma. Jirgi ya tashi, ya karkace, ya je ya tsaya a kan tabarmar. Har kajin gidan sai da suka yi atishawa. Inna ta fito tana hawaye tana faɗa, shi ma hawayen yake yi, amma ya ce: "Ai ya tashi. Ni ban ce zai miƙe ba."

Sai bikin ɗan amininsa a Kwanar Dangora, inda ya hana a ɗauko mai bidiyo, ya ce shi ya isa. Ranar iska har rumfa take ɗagawa. Da aka taru kallon abin da ya ɗauko, babu ango babu amarya: rufin kwano ne iya ganinka, sai wata akuya tana cin kwali. Uban ango ya tambaye shi ina amaryar.

"Amarya kullum za ku riƙa ganinta," in ji Baffa. "A cikinku wa ya taɓa ganin rufin gidansa daga sama?"

Abin haushin, a bidiyon nan uban ango ya ga kwanonsa biyu sun ɗage, ya sa aka gyara. Baffa bai bar shi ya manta ba.

A daminarsa ta ƙarshe ba ya iya sauka daga mota. Na kai shi bakin gona, na tayar masa da jirgin, ya riƙe wayar. Ya daɗe yana kallo. Na zaci addu'a yake yi, ashe ciyawa ya hango ta ɓangaren rafi, ya ce mu ragwaye ne. Muka nome ta a satin. Bai ga girbin ba. Mu muka karya masarar, muka raba buhu biyu sadaka da sunansa.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba Inna Rabi haƙurin rashinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.